Baƙo Da Ɗan Gari: Tarihin Ƙwadago Da Ladan Aiki A Maiduguri

Maganar da nake so mu duba a wannan fitowa magana ce da ba ta tsufa a garin nan. Duk lokacin da kasuwa ta ja baya, hatsi ya yi tsada, sai ka ji ana cewa baƙi sun cika gari sun karya farashin aiki, wai aikin da ɗan gari zai yi a kan kaza, su sai su karɓa a kan rabi. An faɗi haka a kan 'yan Cadi da 'yan Nijar da 'yan Kamaru, an faɗa a kan 'yan cirani, a shekarun baya-bayan nan har a kan 'yan gudun hijira an faɗa.

To mu Hausawan Maiduguri matsayinmu a wannan zance yana da wuyar sha'ani. A wurin Barebari masu masaukinmu, mu baƙi ne, ko da kuwa kakan mutum a Hausari aka yanke masa cibiya. A wurin mutumin Abashe ko Diffa kuwa mu ne 'yan gari, kuma sau da yawa mu ne iyayen gidan da ke ɗaukarsa aiki, ko dako ko gadi ko tsaron shago. Wanda yake tsaye da ƙafa ɗaya nan ɗaya can, ya kamata ya fi kowa sanin tarihin al'amarin kafin ya sa baki.

Garin da baƙi suka taya ginawa

Birnin da muke ciki ba wani daɗaɗɗen birni ba ne idan aka kwatanta shi da Kano ko Katsina. Rabe ya ci Kukawa a 1893, Faransawa suka kashe shi a Kusuri a 1900, sannan a 1907 Shehu Abubakar Garbai ya dawo da fadarsa Yerwa kusa da inda Turawan Ingila suka yi sansani. Wannan unguwa tamu da yanzu ake kira Tsohon Maiduguri ta riga Yerwa kafuwa, ƙauye ne mai kasuwa tun kafin zuwan Shehu, kuma sunanta ne daga baya ya rufe birnin baki ɗaya.

Duk wanda ya saurari sunayen unguwanni zai gane irin mutanen da suka taru aka yi garin. Ga Shehuri wajen fada, ga Fezzan mai ɗauke da sunan ƙasar fataken da suka ƙetaro Sahara daga Libiya ta yanzu, ga Shuwari, ga Fulatari, ga Hausari tamu. Barebari suna kiranmu Afuno, kuma sun san mu tun kafin a san za a yi Yerwa. Kakanninmu fatake suna kawo goro da baƙin rini na Kano, su koma da kanwa da gishirin Manga da dawaki da fatu. Wasu kuma allo ne ya kawo su, domin a ƙasar Hausa in aka ce yaro ya tafi gabas, kowa ya san Barno ya nufa neman haddar Alƙur'ani.

Baƙon wancan lokaci ba ya shiga kasuwa gaba-gaɗi. Yana sauka wurin fatoma, fatoma ya ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa idan an yi rigima, shi kuma ya karɓi la'adarsa wadda kowa ya san ƙa'idarta. Ba za mu ɓoye ba, a wancan zamani akwai bauta, kuma aiki mai yawa bayi ne ke yin sa ba da lada ba. Turawa sun yi dokar cewa duk ɗan da aka haifa daga watan Afrilu na 1901 ɗa ne, amma sai a 1936 aka soke bauta ɗungurungum a Arewa. A tsakanin nan ne kuma harajin tsabar kuɗi ya kankama, talaka ya ga tilas idan ya gama girbi ya bar ƙauye ya tafi cirani ya nemo kuɗin da zai kai wa mai gari. Daga nan ƙwadagon lada ya zama babbar hanyar neman abinci, daga nan kuma aka fara jayayyar wa zai yi aiki, kuma nawa za a biya shi.

Mu ma mun tsinci auduga a ƙasar wasu

Maiduguri tana kan tsohuwar hanyar alhazai ta ƙasa. Daga nan ake bi ta Dikwa da Kusuri a haye Fallomi, wadda yau ake kira Njamena, a wuce Abashe da Jinaina da Fashir har a kai bakin Bahar Maliya. Tafiya ce ta shekaru, guzuri ba ya isa, saboda haka mahajjaci yakan tsaya ya yi noma ko ƙwadago ya tara abin gaba. Bayan yaƙin Burmi na 1903 da aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a mai yawa zuwa Sudan, suka kafa garin da har yau ake kira da sunansa kusa da Sennar.

A 1925 Turawan Ingila suka gama madatsar ruwa ta Sennar, suka buɗe gonakin auduga na Jazira. Su wa suka fi riƙe tsintar audugar nan da sharar magudanan ruwa? Mutanenmu ne, Hausawa da Fulani da Barebari, waɗanda can ake haɗa su a kira su Fallata ko Takari. Turawa sun yi maraba da su domin suna da juriya kuma ba su da tsada. Amma da aka zo maganar wane ne ɗan ƙasa, a dokokin 1948 da 1957, sai iyalai da yawa da suka yi shekara da shekaru a can suka sha wahalar samun takarda. Gumi an karɓa, mai gumin kuwa an bar shi a bakin ƙofa. Wannan shi ne darasi na farko, kuma a jikinmu aka rubuta shi.

Sikeli biyu na zamanin Turawa

A nan gida kuwa, baƙon da aka fara kuka da shi ba mai karɓar ƙaramin lada ba ne. Bature ne, wanda ake biyan sa ninkin-ba-ninkin abin da ake biyan baƙar fata, har muƙaman gwamnati ma an raba su, akwai na Turawa akwai na 'yan ƙasa. A lokacin yaƙin duniya na biyu kaya suka yi tsada, aka ƙara wa Turawa alawus, aka bar 'yan ƙasa a kan abin da aka yanka musu tun 1942. Abin da ya jawo babban yajin aiki ke nan na watan Yuni 1945, wanda ma'aikatan jirgin ƙasa da shugabansu Michael Imoudu suka ja gaba, aka yi wajen kwana 44 abubuwa na tsaye, har sai da gwamnati ta kafa kwamiti aka ƙara kuɗin tsadar rayuwa.

Da mulki ya fara dawowa hannun 'yan ƙasa, gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello, wanda ya zama Firimiya a 1954, ta fito da manufar fifita 'yan Arewa a aikin gwamnati. Idan akwai ɗan Arewa da ya cancanta shi za a ɗauka, in babu a ɗauko Bature a kan kwantiragi, ɗan Kudu sai in an rasa duka biyun. A lokacin nan Bahaushe da Babarbare da Babur da Margi duk sunansu ɗaya, 'yan Arewa. Da aka yanka jihohi a 1967 Maiduguri ta zama hedikwatar Jihar Arewa Maso Gabas, a 1976 aka fitar da Jihar Barno, daga baya kuma takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma ta zama mabuɗin aiki da makaranta. Ka ga ke nan da'irar 'yan gida ta yi ta ƙanƙancewa, daga Arewa zuwa jiha, daga jiha zuwa ƙaramar hukuma, har wanda jiya yake ciki yau ya wayi gari a waje. Duk mai 'ya'ya a cikinmu ya san abin da nake nufi.

Kada mu manta kuma da 1964, shekarar da layin dogo ya iso Maiduguri ta Bauchi da Gombe. Jirgi ya kawo ma'aikata daga ko'ina, Yarabawa da Ibo da Tibi da namu Hausawa, aka samu dakon gyaɗa da fatu da lodin shanu. Garin ya buɗe, kuma da hannun baƙi ya buɗe.

Ranar da aka kore mu daga Ghana

A ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Kofi Busia ta Ghana ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama kwana 14 ya bar ƙasar. Hujjarta ita ce wadda muka saba ji, wai baƙi sun ƙwace kasuwa da aiki daga hannun 'yan ƙasa, kuma su ke kawo ɓarna. Hausawa sun fi shekara ɗari suna cinikin goro a Gwanja, suna da zango a Salaga da Kumasi da Ankara, wasu ko hanyar garin kakanninsu ba su sani ba. Duk da haka aka ɗora su a manyan motoci tare da Yarabawa da Zabarmawa da sauran baƙi, dubun dubata, aka sayar da gidaje da rumfuna a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Shin Ghana ta warke? Gonakin koko suka rasa leburori, domin da yawa daga masu aikinsu baƙi ne. Tattalin arzikin ya ci gaba da lalacewa, soja suka kifar da Busia a watan Janairu 1972, kuma kafin shekara goma ta cika 'yan Ghana da kansu ne suka fara kwarara Nijeriya neman abinci.

Shekarun Udoji

Su kuwa waɗannan shekaru, a nan Nijeriya kuɗin man fetur ne ke zuba. Kwamitin Udoji ya ba da rahotonsa a 1974, aka ƙara albashi aka biya har da ariyas, a 1975 aka kafa Jami'ar Maiduguri, a 1976 aka fara shirin ilimin firamare kyauta. Gine-gine ko'ina, kwangila ko'ina, hannu ya yi kaɗan. Makarantu suka cika da malamai 'yan Ghana da Indiyawa da 'yan Pakistan da Misirawa. An kafa Hukumar Raya Tafkin Cadi a 1973, aka fara babban aikin noman rani na Marte. A Baga kuma masunta suka taru, Hausawan Kabi da Haɗeja, Jukunawa, 'yan Cadi, har da 'yan Mali, banda tana sauka a Tashar Baga ana lodi zuwa Kudu.

A daidai wannan lokaci maƙwabtanmu suna cikin wani hali. Farin 1972 zuwa 1974 ya kashe dabbobi a Nijar da Cadi, Buzaye da suka rasa raƙuma suka shigo birane suka kama gadi. A 1979 yaƙi ya ɓarke a cikin Njamena, ya sake tashi a 1980, mutane suka haye Kusuri, da yawa suka biyo ta Gamboru Ngala har cikin garin nan. Cikinsu akwai teloli da makanikai da magina da direbobi. A 1980 naira ɗaya ta fi dalar Amurka ɗaya daraja, saboda haka ɗan abin da lebura ya samu a nan, in ya canza shi zuwa sefa, kuɗi ne na sosai a garinsu. Muddin aiki ya fi hannu yawa, ba ka cika jin ana ƙorafi ba. Kowa yana neman Buzu ya tsare masa gida, kowa yana yabon ɗinkin 'yan Cadi.

Wane ne baƙo a Barno?

Kafin mu zo kan kora, akwai tambayar da ta fi wuya a Barno fiye da ko'ina. Iyakar da ta raba mu da Cadi da Nijar da Kamaru, Turawa ne suka shata ta a tsakiyar daula ɗaya. Babarbaren Diffa da na Damasak dangi ne, Shuwan Ngala da na Kusuri kasuwa ɗaya suke ci. Kai, ƙasar Dikwa gaba ɗayanta, da Bama da Gwoza, a hannun Jamus take tun farko a matsayin Kamaru, daga baya Ingila ta riƙe ta amana, kuma sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ta zama Nijeriya a hukumance.

Wanda ya fi kowa ɗanɗana wannan shi ne Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Barno a ƙarƙashin jam'iyyar GNPP, zamanin Gwamna Muhammadu Goni. A watan Janairu 1980 jami'an shige da fice suka ɗauke shi daga gidansa a Maiduguri suka tsallakar da shi Cadi, bisa takardar da Ministan Harkokin Cikin Gida ya sa wa hannu, wai shi ba ɗan Nijeriya ba ne. Babbar kotun Maiduguri ta soke korar ta tabbatar masa da 'yancinsa, gwamnatin tarayya ta ɗaukaka ƙara ba ta yi nasara ba. To jama'a, idan za a iya yi wa zaɓaɓɓen ɗan majalisa haka, ina ga ɗan ga-ruwa wanda ba shi da lauya? Kalmar baƙo sanda ce, kuma wanda ke riƙe da ita yau ba lalle ne shi zai riƙe ta gobe ba.

Korar 1983 da ta 1985

Daga 1981 farashin mai ya fara faɗuwa. A watan Afrilu 1982 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu, kwangiloli suka tsaya, masana'antu suka fara sallamar ma'aikata. Ga kuma tarzomar Maitatsine, ta Kano a Disamba 1980 da ta Bulunkutu a nan garin a Oktoba 1982. Da yake shi Muhammadu Marwa asalinsa mutumin Kamaru ne, sai aka shafa wa baƙi duka baƙin jini, alhali cikin mabiyansa 'yan ƙasa sun fi baƙi yawa. Zaɓe kuma yana tafe.

A ranar 17 ga Janairu 1983 Ministan Harkokin Cikin Gida Alhaji Ali Baba ya ba da sanarwa cewa duk baƙon da ba shi da takarda ya bar ƙasar cikin mako biyu, daga baya aka ƙara wa masu sana'ar hannu da ƙwararru wa'adi zuwa ƙarshen Fabrairu. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shigowa ya yi kwana 90 ba biza, amma a lokacin ba ta ba shi damar zama ya kama aiki ba, Cadi da Kamaru kuwa ba sa ma cikin ƙungiyar. An ƙiyasta mutanen da suka fita sun kai wajen miliyan 2, kusan rabinsu 'yan Ghana, wasu suka mutu a hanya saboda cunkoso da yunwa. Jakar nan da har yau muke sayarwa a kasuwa muna kiran ta Gana-mas-go, daga nan ta samo sunanta. Shekara 13 da 'yan watanni ke nan tsakanin korarmu daga Ghana da korar da muka yi musu.

Abin tambaya shi ne, bayan sun tafi, ladan ɗan gari ya ƙaru? Ko kusa. Makarantu suka rasa malamai, gine-ginen da suka tsaya ba su tashi ba, domin tun asali rashin kuɗi ne ya tsayar da su. Soja suka karɓi mulki a ƙarshen Disamba 1983, gwamnatin Janar Buhari ta yi ta rage ma'aikata a 1984, ta rufe iyakokin ƙasa a watan Afrilu na shekarar lokacin canjin kuɗi, a watan Mayu 1985 kuma ta sake korar baƙi wajen 700,000. Ita kanta kora ta biyu shaida ce cewa ta farko ba ta yi magani ba, domin da yawa sun dawo ta ɓarauniyar hanya. Iyakokin ba a buɗe su ba sai a 1986. A gari irin namu da cinikinsa ya dogara da Gamboru da Banki da Baga, rufe iyaka rufe bakin ɗan dako ne da direba da dillali. Tafkin ma a shekarun nan ya ja baya ƙwarai, daga wajen murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 zuwa abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma ba, aikin Marte ya rasa ruwa. Duk wannan babu hannun baƙo a ciki. An bar jaki ne ana dukan taiki.

Wa ke karya farashi?

Mu 'yan kasuwa mun san ciniki mutum biyu ke yin sa. Idan lebura ya karɓi rabin lada, akwai wanda ya miƙa masa rabin, kuma ragowar aljihun wani ta shiga. Baƙo yana karɓar kaɗan ne saboda dalilai da kowa ya sani. Ba ya biyan hayar gida, a zaure ko bakin shago yake kwana, iyalinsa suna can ƙauye, yunwa kuma ba ta barin mutum ya yi taurin kai a ciniki. Babban dalili kuwa shi ne tsoro. Wanda ba shi da takarda, in an hana shi haƙƙinsa ba zai kai ƙara wurin hukuma ba, don kada garin neman gira ya rasa ido. Saboda haka duk lokacin da aka tsananta farautar baƙi, wanda ya saura ko ya dawo a ɓoye sai ya ƙara araha, ɗan gari kuma sai ya ƙara rasa ta cewa, domin ubangida yana da wanda zai kira in shi ya ƙi.

Dokar gwamnati ba ta kai nan ba. Bayan yajin aikin da Ƙungiyar Ƙwadago ta yi a watan Mayu 1981 ƙarƙashin Hassan Sunmonu, an yi dokar mafi ƙarancin albashi na naira 125 a wata, amma ta tsame duk wurin da ma'aikatansa ba su kai 50 ba, da masu aikin jinga ko kamasho, da masu ƙwadagon gona na lokaci-lokaci. An kai shi naira 18,000 a 2011, an kai 30,000 a 2019 aka rage adadin ma'aikatan zuwa 25, an kai 70,000 a 2024. To a Kasuwar Monday ko Gamboru ko Tashar Baga, shago nawa ne ke da yara 25? Ashe ladan ɗan dako da mai gadi da yaron shago da 'yar aiki, ba Abuja ke yanka shi ba. Mu ne.

Idan har akwai mai shakka, abin da ya faru a idonmu ya isa. A 2014 da 2015, lokacin da Boko Haram ta mamaye Gwoza da Bama da Dikwa da Baga, jama'a suka kwararo cikin garin nan har unguwanni suka cika suka batse. Waɗannan ba 'yan wata ƙasa ba ne, 'ya'yan Barno ne, wasu ma sun fi mu asali a jihar nesa ba kusa ba. Amma manomin da ya bar rumbunsa cike ya zo hannu rabbana, ya karɓi aiki a kan abin da ya samu, ladan ƙwadago ya faɗi, aka kuma fara irin maganganun da aka yi a 1983. A lokaci guda namu mutanen suka tsallaka Diffa da Bosso a Nijar, da sansanin Minawao a Kamaru, da Baga Sola a Cadi, suka zama su ne baƙin da ake tayawa da araha. Da naira ta faɗi sefa ta hau, samarinmu ma sun riƙa haurawa can neman aiki. Buƙata ce ke karya farashi, ita kuwa buƙata ba ta da fasfo.

Abin da ya rage gare mu

Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta babin ciniki a Risala ya san ijara ba ta inganta sai an ambaci lada an ambaci wa'adi tun kafin a fara aiki, kuma ba a ce wannan hukunci na ɗan gari ne ban da baƙo ba. Mun kuma san irin gargaɗin da addini ya yi a kan jinkirta haƙƙin ma'aikaci. Saboda haka shawarata ga wannan ƙungiya tamu ba ta da tsawo.

Na farko, shugabanninmu na kasuwa su zauna da shugabannin 'yan dako da magina da masu turin ruwa a yanka farashi sananne na kowane aiki, buhu kaza nisa kaza, yinin lebura kaza, a riƙa duba shi idan kaya suka tashi. Farashin nan ya zama ɗaya ga kowa, Bahaushe ko Babarbare, ɗan Cadi ko ɗan Gwoza. Ranar da ubangida ya san ba zai samu ragi don ya ɗauki baƙo ba, ranar ce ɗan gari zai daina tsoron baƙo, sai dai a yi gasar iya aiki da riƙon amana.

Na biyu, ƙungiyoyin sana'a su buɗe wa baƙi ƙofa su yi rajista su biya kuɗin ƙungiya kamar kowa, a kai sunansu wurin bulama ko lawan a san da zamansu. Wanda yake cikin ƙungiya ba ya karya mata farashi, kuma in an cuce shi yana da inda zai kai kuka. Wannan shi ne aikin da fatoma yake yi a da, kuma ko ta fuskar tsaro ya fi mana alheri a san kowa da inda yake kwana.

Na uku, mu masu shaguna mu gyara tsakaninmu da yaranmu. A faɗa wa yaro tun ranar farko abin da za a ba shi, da shekarun da zai yi, da jarin da za a sallame shi da shi, a gaban shaidu, in da hali a rubuta. Maganar “zauna dai za mu ga abin da Allah zai yi” ta cinye ƙuruciyar yara da yawa, namu da na wasu.

Barebari sun karɓi kakanninmu suka ba su wurin zama da wurin kasuwa, suka ba su 'ya'ya aure, har unguwa suka kira da sunanmu. Mu ma an kore mu a Kumasi, an bar mu a bakin ƙofa a Jazira, kuma har yau akan tambayi 'ya'yanmu takardar asali a garin da aka haife su. Wanda ya san wannan tarihi bai kamata a ji bakinsa cikin masu cewa a kori wane ba, kuma bai kamata a same shi yana biyan wane rabin lada don ya ga ba shi da kowa ba.

Allah Ya ba mu zaman lafiya a Barno da Nijeriya baki ɗaya, Ya sa albarka a kasuwanninmu, Ya kuma ba mu ikon sauke haƙƙin waɗanda ke ƙarƙashinmu. Wassalamu alaikum.